Amsar Wasiƙun Masu Sauraro: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗin Gida

   

A wannan mako wasiƙu uku ne suka iso mana a kan magana ɗaya, wato sayen gida, shi ya sa na ga ya fi kyau in haɗa su in ba su filin baki ɗaya. Ta farko daga wani manomi take, a wani ƙauye cikin ƙasar Ringim ta Jihar Jigawa. Ya ce bana Allah ya ba shi riɗi, ya sayar, ya haɗa da kuɗin bijiman da ya yi kiwo da abin da ya daɗe yana tarawa, yana so ya sayi ɗan madaidaicin gida a bayan garin Kano domin yaransa masu karatu su sami wurin zama, sauran ɗakunan kuma ya zuba 'yan haya. Dillali ya kai shi ya ga wani gida, ginin bulo, ɗaki huɗu da zaure, an shafe shi da sabon fenti tas. Sai dai an ce masa lallai ya ajiye kafin alƙalami nan da Juma'a, domin akwai wani Alhaji da ke riƙe da kuɗinsa a hannu yana jira. Malamin yana tambaya, me ya kamata ya duba?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Abu na farko da za ka duba ba ya cikin gidan ma, yana cikin maganar da aka gaya maka. Wannan Alhajin mai kuɗi a hannu, wanda ba a taɓa ganin fuskarsa, kusan kowane gidan sayarwa yana da irinsa. Wani lokaci da gaske akwai shi, ban musa ba. Amma in da gaske kuɗinsa na hannu, me ya hana a ba shi gidan tun jiya? Duk cinikin da aka ce ba za a ba ka mako biyu ka yi bincike ba, to ka ɗauka akwai abin da ake gudun binciken ya tono. Ban ce dillali mugu ba ne, sana'arsa yake yi, kuma akwai masu amana da yawa a cikinsu. Sai dai ka tuna la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa. Saboda haka kada ka mai da shi idonka. Ka nemi magini naka na kanka, wanda ka sani, wanda bai san mai gidan ba, ka biya shi kuɗin yininsa ku je tare. Kai da ba ka sayen sa sai ka buɗe bakinsa ka duba haƙora, ka sa an zagaya da shi ka ga tafiyarsa, yaya za ka sayi gida da kallo ɗaya daga bakin zaure?

Yanzu ga babbar matsalar da ke damun manomi a wannan harka. Kuɗi ba ya shigo masa sai da kaka zuwa rani, lokacin da aka sayar da amfani. To wannan lokacin ne kuma gida ya fi iya ɓoye aibinsa. A watan Janairu kowane gida lafiyayye ne: ƙasa ta bushe, kwata ta ƙafe, rufi ba ya yoyo domin babu abin da zai zubo. Mai gaya maka gaskiyar gida shi ne ruwan watan Agusta. In da hali, ka ga gida ana tsakiyar damina, ka je washegarin ruwa mai ƙarfi da sassafe ba tare da ka sanar da kowa ba. In kuwa ba za a iya jira ba, sai ka koyi karanta sawun da ruwa ya bari, domin ruwa ba ya wucewa bai bar sawu ba.

Kada ka fara da bangon gidan da aka kai ka, tunda an shafe shi. Ka duba bangon maƙwabta na dama da na hagu da na tsallaken hanya, waɗanda ba wanda ya shafa musu komai. In ka ga wani layi a kwance ya bi su duka a tsayi ɗaya, ƙasansa ya fi samansa duhu ko ya zaizaye, to nan ruwa yake tsayawa. Ka auna shi da jikinka, ko idon sawu ne, ko gwiwa. Ka duba ƙofofin gidajen layin. In kowa ya gina ɗan dandamali a bakin ƙofarsa, wanda sai an ɗaga ƙafa an tsallaka kafin a shiga, ko ka ga ragowar buhunan yashi sun ruɓe a gefen katanga, mutanen nan ba ado suke yi ba, ruwa suke tarewa. Sannan ka tsaya a tsakar gida ka dubi titi ta cikin zaure. Wanne ya fi tudu? Gidaje da yawa an gina su tun kafin a yi titi, da aka zo aka yi ciko aka ɗaga hanya sai gidan ya koma rami. Irin wannan gida duk ruwan layi baƙonsa ne.

Ka roƙi bokiti uku ko huɗu na ruwa ka sheƙa a tsakar gida, ka tsaya ka ga inda zai nufa. In ya bi rariya ya fita, madalla, sai ka bi shi waje ka ga ina rariyar take zubawa, ko akwai magudana, ko kuwa a ƙofar maƙwabci take ƙarewa, wanda wannan kuma rigima ce ka gada. In ya kwanta a wuri ɗaya ko ya juya ya nufi ƙofar ɗaki, ka ga abin da zai faru da damina ke nan, sai dai a ninka shi sau ɗari.

Kai manomi ne, kana da ilmin da ɗan birni ba shi da shi, ka yi amfani da abinka. Ka zagaya bayan unguwar ka dubi ƙasar da ba a gina ba tukuna. Ka san bambancin jigawa da fadama ko da rani ne. Inda ka ga busasshiyar kachalla, ko laka ta dare ta yi faranti-faranti, ko kwanson dodon koɗi a warwatse, ka san makwancin ruwa ne, ko da an yanka shi fuloti an kafa duwatsu. Kuma kada a ruɗe ka da cewa ai shekara biyar ba a ga ruwa a nan ba. Ruwa ba ya manta hanyarsa. Dattawan Kano suna tune da 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle. An ga ambaliyar 2012. Ku mutanen Jigawa ba sai an ba ku labarin 2022 ba, kun gani da idonku yadda garuruwan bakin kogin Haɗeja suka kasance. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta fashe, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. Saboda haka in kana tambayar maƙwabta, kada ka ce, "Ruwa yana shiga nan?" Za a ce maka a'a, domin ba mai son ya ɓata cinikin maƙwabcinsa. Ka ce, "Shekarar babban ruwan nan, ina ya tsaya muku?" Sai ka ga an nuna maka da hannu.

Akwai wani abu kuma da ya shafi Kano da sauran tsofaffin garuruwanmu, shi ne kududdufi. Asalinsa ramin da aka haƙi ƙasar gini ne, ya zama matattarar ruwan unguwa. Da gari ya cika, fili ya yi tsada, sai aka riƙa cike waɗannan ramuka da bola da shara, a zuba jar ƙasa a sama, a yanka a sayar. Bola kuwa ruɓewa take yi tana zama a hankali, shekara da shekaru, ginin da ke kanta yana binta. A nan zan ba ku labarin kaina, don kada ku ce malamin rediyo yana magana ne daga cikin littafi. Lokacin da nake koyarwa a firamare, kafin in zo wannan aiki, na yi adashi na haɗa da rance na sayi wani ɗan gida mai ɗaki biyu. Da rani na saya, araha ta ja ni, ban tambayi kowa ba. Damina ta biyu sai ƙofar ɗakin maiɗakina ta ƙi rufuwa, na kira kafinta ya fere ta. Damina ta uku daɓen ɗakin ya rabu da bango, har hannu yana shiga. Ran nan ina zaune a dakali ina ƙorafi, sai wani tsoho maƙwabcina ya ce, "Malam, ai nan wurin muka koyi iyo muna yara." Na ce, "Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?" Ya ce, "Ka tambaye ni?" Abin da na kashe a gyara kafin in rabu da gidan nan, ba na son tunawa.

To ka nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a unguwa, ka gaishe shi da ɗan goro, ka tambaye shi me ke wurin nan kafin a yi gini. A cikin ɗaki kuma ka ɗauki sanda ka bi daɓe kana ƙwanƙwasawa. Inda ƙasa ta zauna daram, ƙarar a toshe take. Inda ta janye ta bar siminti a rataye, sai ka ji yana amsawa kamar ganga. Ka buɗe kowace ƙofa da kowace taga ka rufe. Wadda take cijewa, ko ka ga an fere samanta ko ƙasanta kwanan nan, tana gaya maka ginin ya motsa.

Wannan ya kawo mu ga wasiƙa ta biyu, daga wani mai cinikin hatsi a ƙasar Numan ta Jihar Adamawa. Shi ya ce gidan da ake tallata masa yana da tsaga a bango, mai gidan ya ce tsagar filasta ce kawai, buhun siminti ɗaya ya isa. To ɗan'uwa, tsaga iri-iri ce. Akwai ƙanana sirara kamar gashi, masu yaɗuwa kamar saƙar gizo a fuskar filasta. Waɗannan yawanci daga yaɓen ne, ko an cika yashi ko ya bushe da sauri, ba su da wani haɗari. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace, wadda ta taso daga kusurwar ƙofa ko taga, ko take bin layin bulo tana hawa kamar matakala. Ka gwada tsinken ashana. In ya shige, ka fita waje ka duba daidai wurin. In tsagar ta ɓullo ta bayan bangon, to bangon ne ya rabu gaba ɗaya, kuma maganar daga tushe take. Haka nan in bakinta ya fi faɗi a sama ko a ƙasa, alama ce wani sashe na ginin yana nutsewa ya bar wani. Mafi muni ita ce wadda aka taɓa toshewa ta sake buɗewa, domin wannan tana nuna har yanzu ginin bai daina tafiya ba.

Ku a wajenku kuma akwai baƙar lakar nan, irin wadda ake dasa masakwa a kanta, wadda ake samu a sassan Adamawa da Gombe da Borno. Kun san halinta a gona: da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta tsuke ta dare har ƙafar akuya tana faɗawa. Abin da take yi a gona shi take yi a ƙarƙashin gida, tana ɗaga shi tana saukewa kowace shekara. Ana iya gini a kanta, amma sai an yi tushe na musamman da rodi da kankare, wanda yawancin masu ginin sayarwa ba sa yi saboda tsada. In gidan a kan irin wannan ƙasa yake, kuma tsagarsa irin ta biyun ce, buhun siminti ɗaya ba zai yi komai ba sai rufe ido. Ni dai da ni ne, sai in haƙura in nemi wani.

Mu koma kan sabon fentin da aka shafa wa gidan mutumin Ringim. Fenti ba laifi ba ne, kowa yana wanke hajarsa kafin ya kai kasuwa. Abin lura shi ne inda aka shafa da inda aka bari. In ka ga ƙasan bango kaɗai aka yi wa sabuwar filasta, kamu biyu ko uku daga ƙasa, ko an manna tayil a nan kawai, ka yi shakka. Ka sa tafin hannunka, ka ji ko da sanyi. Ka duba ko fentin ya kumbura ya yi ƙuraje, ko wani farin gari kamar kanwa yana fitowa. Wannan danshi ne yake hawowa daga ƙasa, yana cin siminti a hankali, yana ɓata kaya, ga wari, ga tari ga yara. Ka sa a janye gado da kabad da buhunan da aka jingina, domin abin da ake son ɓoyewa bayansu yake. Kuma ka yarda da hancinka: ɗakin da aka buɗe ka ji warin rima, ko ka tarar an cika shi da turaren wuta da rana tsaka ba gaira ba dalili, ka sake dubawa.

Bulon kansa ma ka gwada shi. Ka sami wurin da ba a yi filasta ba, bayan gida ko saman katanga, ka karce da ƙusa ko makulli. Bulo mai kyau sai dai ya yi ɗan zane. Wanda aka yi wa rowar siminti kuwa sai ka ga yana zuba kamar garin tuwo. Wani abin kuma, akwai gidan ƙasa da ake yi wa rigar siminti a sayar da shi da sunan ginin bulo. Ka duba kaurin bango a bakin ƙofa. Bulo inci 6 ne ko inci 9, in an haɗa da filasta ya ɗan ƙaru kaɗan. Bangon da ya wuce haka nesa, ƙasa ce a ciki. Ni ba na raina ginin ƙasa, a cikinsa aka haife ni, ya fi bulo sanyi da bazara, kuma in ana kula da shi yana ganin jikoki. Amma a saye shi da sunansa da kuɗinsa. Kuma siminti ba ya kama ƙasa sosai, in ruwa ya sami hanya ya shiga tsakaninsu sai ya riƙa cin bangon a ɓoye, waje yana sheƙi, har ranar da zai zube gaba ɗaya. Ka ƙwanƙwasa, in ka ji holoƙo ka san sun rabu. In soro ne, ka ɗaga kai ka dubi azara ko ta lanƙwasa, ka hau sama ka ga yaushe rabon a yi yaɓe, ka duba indararo ko yana zubar da ruwa nesa da bango ko kuwa a gindinsa yake tsiyaya.

Rufin kwano kuma da rana tsaka ake duba shi. Inda babu silin, ka rufe ƙofa da taga ka ɗaga kai, duk hudar da ke jiki za ka gan ta kamar tauraro. Inda akwai silin, ka nemi tabon ruwa mai launin shayi, ko wurin da ya yi ciki ya sauko. Ka sa maginin nan naka ya leƙa ciki da tocila ya soki katakan da wuƙa. Gara tana cinye cikin katako ta bar fatar, ka gan shi lafiya lau, ka taɓa ya burme. Hanyarta ta ƙasa da take ginawa a jikin bango ita ma shaida ce, ko da an kankare za ka ga sawun. Ya duba kuma ko an ɗaure katakan da jikin ginin da ƙarfe, ko ɗora su kawai aka yi. Iskar farkon damina ba ta wasa, kowace shekara muna karanta labarin rufin da ta yaye ta kai gonar wani. In dakin ne na kankare, to tsatsa a jikinsa ko rodi da ya leƙo waje babbar magana ce, a kira injiniya, magini kaɗai bai isa ba.

Kada kunya ta hana ka shiga bayan gida. Ka duba murfin masai ko ya tsage, ka tambaya yaushe aka haƙa, ko ya kusa cika. Ka tambaya ko akwai tsohon masai ko tsohuwar rijiya da aka rufe a cikin gidan, a nuna maka wurin, domin irinsu suna burmawa da mutum. Sannan ka auna tsakanin masai da rijiya. Ma'aikatan lafiya suna son a sami kamar mita 30, wato wajen taku 40 na babban mutum, kuma na maƙwabci ma yana cikin lissafi, tunda ƙazanta a ƙarƙashin ƙasa ba ta san katanga ba. Na san a ƙananan gidajen birni da wuya a sami wannan tazara. To aƙalla ka sani tun yanzu cewa ruwan rijiyar na wanki ne, na sha kuwa sai ka saya, ka sa wannan a lissafinka. Amai da gudawa da ke kwantar da unguwa da damina, sau da yawa daga nan yake farawa.

Maganar lantarki a taƙaice: ka nemi takardar biyan kuɗin wuta ta ƙarshe, domin bashin da ke kan gida yakan jira sabon mai shi. Ka ɗaga kai kuma ka ga ko babbar wayar nan mai dogayen turakun ƙarfe ta bi ta kusa. Ƙa'ida ita ce a bar mita 25 kowane gefe ga mafi girmansu, mai 330, sannan mita 15 ga mai 132. Gidan da ke ƙarƙashinta yana cikin haɗari, kuma ranar da hukuma ta tashi rusau ba ka da bakin magana. Haka in ka ga jan fenti an yi alama ko rubutu a bangon gidan ko na maƙwabta, ko wurin da aka shafe shi sabo-sabo, ka je ofishin tsara birni ka tambaya. A Kano ana kiran hukumar KNUPDA.

Wasiƙa ta uku daga wata baiwar Allah take, mai sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wajen Funtuwa. Ta ce wani saurayi ya kawo mata tallar gidan mahaifinsu da ya rasu, ya ce shi ne babba, kuma kuɗin da ya faɗa bai kai na gidajen layin ba. Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara albarka a sana'a. Amma ki riƙe kuɗinki tukuna. Gida yana iya zama lafiyayye daga tushe har rufi, ki saya, ki kwana a kotu. Zaman mutum babban ɗa bai ba shi ikon sayar da gidan gado shi kaɗai ba. Kowane magaji yana da rabonsa a ciki: matar mamacin, da 'ya'ya mata har waɗanda ke aure a wani gari, da wanda ya tafi ci-rani ba a san ranar dawowarsa ba, da ƙananan marayu waɗanda ba su san ma ana ciniki ba. Yaron da ke goye yau, nan da shekara 20 shi ne zai tsaya a ƙofarki da sammaci. Ki tambaya an raba gadon ko ba a raba ba. In an raba, a nuna miki takardar kotun da ta raba, ki ga gidan a rabon wa ya faɗa. In ba a raba ba, sai dukkan magada sun yarda sun sa hannu a gaban shaidu, rabon marayu kuma a bi ta hannun alƙali. Ko da rabonsa kaɗai saurayin zai sayar miki, malamai sun yi bayanin abin da ake kira shuf'a, wato abokan tarayyarsa a gidan da ba a raba ba suna da haƙƙin su mayar miki da kuɗinki su karɓi rabon. Arahar nan da kika gani, ita ce kuɗin rigimar da ake son ki saya.

Wannan ya shafi ku duka ukun, don haka ku saurara da kyau. Tun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, dokar ƙasa ta Nijeriya ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. A cikin birni gwamna ne ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda muke kira satifiket, yawanci ta shekara 99 in gidan zama ne. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce ke ba da tata takardar. Kuma gidan da ke da satifiket, dokar ta ce sai da amincewar gwamna ake mayar da shi ga wani. Saboda haka in an ce gida yana da satifiket, ka ce a nuna maka na ainihi, ka riƙe shi a hannunka. In hoto kawai ake nuna maka, ana cewa na ainihin yana wurin wani yaya a Abuja, to mai yiwuwa yana banki an jinginar da shi, ranar da aka kasa biya kuwa bankin ba ruwansa da kai. Ka duba sunan da ke jiki, shi ne na mai sayarwa? In ba shi ba ne, ina takardun cinikin da suka kawo gidan hannunsa, ɗaya bayan ɗaya? Sannan ka ɗauki lambar ka je ma'aikatar ƙasa a bincika maka a cikin fayil. A Kano akwai ofishin KANGIS, a Kaduna akwai KADGIS, sauran jihohi ma kowace tana da wurin da ake wannan bincike. Za ka biya wani abu, amma can ne za a gaya maka ko takardar ta gaske ce, ko akwai jingina a kanta, ko an tara bashin harajin fili.

Na san yawancin gidajen da talaka ke iya saya a bayan gari awon igiya ne, ba su da satifiket, sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa. Ba na cewa kada a saya, da haka aka gina rabin garuruwanmu. Amma ka san abin da ka saya. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, ba ta hana gwamnati fitar da titi ta tsakiyar ɗakinka. A irin wannan sai ka ƙara ƙarfi wajen mutane. Ka je wurin mai unguwa da ƙafarka, ba tare da dillali ba. Ka je wurin dagaci. Ka yi sallah a masallacin layin, ka zauna a majalisa, ka ce kana son ka zama maƙwabcinsu, wa suka sani da gidan nan? In sunan da suka faɗa ya saɓa da wanda aka gaya maka, ka tsaya. In ka ga an rubuta a bango cewa wannan gida ba na sayarwa ba ne, ko an goge ana iya karantawa, kada ka saurari bayanin kowa, akwai shari'a a kansa. Ranar awo kuma a kira maƙwabta na kowane gefe su tsaya, a nuna iyaka a gabansu, a faɗi katangar da ke taka da wadda ta tarayya ce, a tabbatar lungun da kake bi ka shiga hanya ce ta kowa, ba filin wani ba ne da zai zo ya toshe gobe.

In duk an wuce waɗannan, wajen biya kada ka ɗauki kuɗi a buhu. Ka biya ta banki, cikin asusun mai gidan da sunansa, ba na dillali ba, domin takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa ba ta mutuwa. A rubuta yarjejeniya, in da hali lauya ya rubuta, shaidunka biyu, nasa biyu. A yanke maganar la'ada tun kafin a yi sallama, a san nawa ne kuma wa zai biya. In akwai 'yan haya a ciki, ka gana da su ka ji zuwa yaushe suka biya, domin wani mai gidan yakan karɓi kuɗin shekara gaba sannan ya sayar. Kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin, sai ranar da aka miƙa maka makulli da takardun ainihi ka cika.

Malam na Ringim, ka koma wurin dillalin ka ce kana son mako biyu, kuma za ka zo da magininka. Ka rubuto mana ka gaya mana amsar da ya ba ka, da abin da tsofaffin unguwar suka ce game da wurin, za mu karanta a wannan fili in Allah ya yarda.

Lokaci ya yi mana halinsa. Akwai wasiƙu biyu a kan ajiyar wake da maganin ƙwari da ban samu na taɓa ba, masu su su yi haƙuri, da su za mu buɗe a mako mai zuwa.